2.3 Tarihin Sarrafa Shara A Garin Wurno

Wannan sashe zai yi ƙoƙarin bin diddigin yadda mutanen Wurno suka riƙa sarrafa shararsu, tun daga lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa garin a matsayin ribaɗi har zuwa yau. A garin ne ya rasu a shekarar 1837, kuma a nan hubbarensa yake.

A ƙarni na 19 sharar gida ba ta wuce toka da kashin dabbobi da ƙaiƙayi da karmami ba, waɗanda duk masu ruɓewa ne. Akan tara su a juji, idan bazara ta yi sai a ɗora wa jakai a mangala a kai gona. Saboda haka juji dukiya ne ga manomi. Sai dai wurin da ba na kowa ba shi ya fi shan wahala. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, ya koka da ƙazantar wani kwari da ya ratsa garin.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, sha'anin tsabta ya koma hannun En'e, inda duba-gari suka riƙa shiga gidaje suna kai masu ƙazanta gaban alƙali. Daga baya gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, wanda ya haifar da sharar gari ta ranar Asabar ɗin ƙarshen wata. Haka kuma tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi, irin su Wurno da Raba da Goronyo, alhakin kwashe shara.

Babban sauyin da aka samu shi ne na ita kanta sharar. Daga shekarun 1990 leda ta yawaita, musamman ta ruwan sha. Leda ba ta ruɓewa, don haka takin da ya cakuɗe da ita yana ɓata gona, dabbar da ta haɗiye ta kuwa takan rame har ta mutu. Wadda ta rage a gari takan toshe magudanai, ruwan damina ya kwashe saura zuwa fadamar Gulbin Rima, inda ake noman shinkafa da albasa da tafarnuwa.

Daga bayanan da suka gabata za a iya fahimtar cewa buƙatar taki ce ta riƙa kwashe sharar Wurno a da, tun kafin hukuma ta sa hannu. Ke nan duk shirin da za a yi a yau, wajibi ne ya fara da raba leda da abin da ke ruɓewa tun daga cikin gida, domin juji ya koma gona kamar yadda aka gada.