Haɗa Waƙoƙi Don Sha'awa da Yaɗa Su a Intanet: Nazarin Matsayin Dokar Haƙƙin Mallaka

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi matsayin doka game da matashin da ke haɗa waƙoƙin mutane don sha'awa, ya ɗora su a intanet ba tare da neman kuɗi ba. Ta hanyar nazarin dokokin Nijeriya da Amurka da Tarayyar Turai, ta gano cewa rashin neman riba ba ya halatta aikin, kuma neman izini ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin mai sha'awa, don haka mafita tana ga lasisin bai-ɗaya.

Gabatarwa

Dije shi ne mai zaɓo waƙoƙi ya jera su, ya daidaita saurin kiɗansu ta yadda wata za ta shige cikin wata ba tare da yankewa ba, kuma abin da ya samar shi ake kira miks. A da sai mai kayan sauti masu tsada ke wannan aiki, amma yanzu manhajar waya ta wadatar, har miks ɗin waƙoƙin finafinan Hausa na yawo a WhatsApp da Audiomack da shagunan masu tura waƙoƙi a waya. Da yawa daga masu yin sa sun ɗauka cewa muddin sun ambaci sunan mawaƙi kuma ba su sayar ba, babu laifi a kansu.

Haƙƙoƙin da Ke Cikin Waƙa

Kowace waƙa da aka naɗa tana ɗauke da haƙƙi iri biyu: haƙƙin baitoci da karin sauti, wanda ke hannun wanda ya tsara su, da haƙƙin naɗin kansa, wanda galibi ke hannun furodusa ko kamfanin da ya ɗauki nauyin aikin. Saboda haka miks mai waƙa 20 yana iya buƙatar izini 40 ko fiye, domin waƙa guda kan kasance da marubuta da dama. Sayen waƙa yana ba mutum damar sauraro ne kawai. Kwafe ta cikin sabon fayil, da sauya mata sauri, da ajiye ta inda kowa zai same ta a lokacin da ya ga dama, ayyuka ne da doka ta keɓe wa mai haƙƙi. Wannan na ƙarshe ya samu gindin zama ne a yarjejeniyoyi biyu na Hukumar Kare Mallakar Fasaha ta Duniya na 1996, waɗanda Nijeriya ta tabbatar a 2017, kuma Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta shigar da shi cikin dokokin ƙasa.

Iyakar Uzurin Amfani Bisa Adalci

Amfani bisa adalci rangwame ne da doka ke yi wa mai ɗaukar wani ɓangare na aiki don nazari ko sharhi ko makamancinsu. Sashe na 107 na dokar Amurka ta 1976 ya gindaya ma'auni huɗu: manufar amfanin, da yanayin aikin, da yawan abin da aka ɗauka, da tasirinsa ga kasuwar mai haƙƙi, kuma dokar Nijeriya ta 2022 ta ɗauki irin waɗannan ma'aunai. Rashin neman riba yana taimaka wa dije a ma'auni na farko, amma matsayinsa yana raunana a sauran, tunda yakan ɗauki mafi yawan kowace waƙa, kuma wanda ya sauke miks ba lallai ya nemi ta asali ba. Kotunan Amurka sun saɓa kan ɗan guntun sauti, inda a shari'ar Bridgeport ta 2005 aka hukunta cewa kowane guntu na buƙatar lasisi, a shari'ar VMG Salsoul ta 2016 kuma aka yafe guntun da mai sauraro ba zai gane shi ba, sai dai ko hukunci mai sassaucin bai kai ga waƙar da aka saka kusan ɗungurungum ba. A aikace ma, a 2004 da mai haɗa kiɗa Danger Mouse ya haɗa muryar mawaƙi Jay-Z da kiɗan ƙungiyar Beatles, kamfanin waƙoƙi na EMI ya aika masa da takardar hani, duk da yabon da masana kiɗa suka yi wa aikin.

Rawar da Dandamali Ke Takawa

A aikace, dandamali ne suka fi kotu yanke hukunci kan makomar miks. Dokar Amurka ta 1998 ta kare dandalin da ya gaggauta cire abin da aka yi ƙorafi a kansa, dokar Nijeriya ma ta tanadi irin wannan tsari tare da dakatar da asusun mai maimaita laifi, yayin da sashe na 17 na umarnin Tarayyar Turai na 2019 ya ɗora wa dandalin nauyin neman lasisi. YouTube yana amfani da Content ID, tsarin da ke gane waƙa ta sautinta ya bai wa mai haƙƙi zaɓin toshe bidiyo ko karɓar kuɗin talla. Mixcloud kuwa ya ƙulla yarjejeniyar lasisi da masu haƙƙi, yana biyansu, amma ya hana sauke miks kuma ya taƙaita yawan waƙoƙin mawaƙi ɗaya a cikinsa.

Kammalawa

Binciken ya nuna cewa miks ɗin da aka yaɗa ba da izini ba keta haƙƙi ne ko da ba a ci sisin kwabo da shi ba, kuma ambaton sunan mawaƙi ba ya zama izini. Amma dokar da ba a iya bi saboda wahalar neman izini tana cutar da ɓangarorin biyu, domin dije na rasa aikinsa, mawaƙi kuma ba ya samun komai. Don haka ya kamata Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya da ƙungiyoyin da ke karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu su samar da lasisi mai sauƙin kuɗi ga masu sha'awa, mawaƙan Hausa kuma su yi wa waƙoƙinsu rajista a tsarin gane sauti, domin waƙar da tsarin bai sani ba, ba ya tara wa mai ita kuɗi.