Tiya nawa gidanku ke ci a rana? Tarihin tsimin hatsi a ƙasar Malbaza

Tun da munka taɓo maganar tsadar hatsi a shirinmu na makon jiya waya ba ta huta ba. Wasu na zagin 'yan kasuwa, wasu na kiran gwamnati. Amma da munka mayar da tambaya, munka ce tiya nawa gidanku ke ci a rana, kuma wata nawa rumbunku ke kai ku, sai anka yi tsit. Lokacin rediyo gajere ne, shi ya sa munka kawo zancen nan, kuma za mu faro shi daga baya.

Kakanninmu na Adar da ƙasar Ƙonni ba su san buhu ba, rihewa sunka sani. Ta yumɓu ce, ana ɗora ta bisa duwatsu don gara da danshi, a kifa mata jinka. Hatsin kuma da zangarniyarsa ake zuba shi, ba a sussuke ba, kuma a haka yana iya shekaru bai lalace ba. Abin da ya fi ginin muhimmanci shi ne dokar da ke kansa. Akwai gandu, gonar gida gaba ɗaya, akwai gamana, 'yar gonar da mace ko saurayi ke noma wa kansa. In anka gama kaka, maigida ya liƙe bakin babbar rihewar gandu, ba mai taɓa ta. Samari su tafi cin rani, ma'ana su je su ci rabonsu na rani a wani gari, bakuna su ragu a gida. Waɗanda sunka rage su lallaɓa da ƙananan rumbuna da hatsin gamana. Sai ruwan shuka ya sauka ake buɗe babbar, don mai riƙe da hauya ya sha fura ya ƙoshi. Manomin da ya noma dami dubu kuwa, biki ake yi, a raba wa jama'a, a kira shi sarkin noma.

Wannan tsari bai hana yunwa zuwa ba, kada mu yi wa tarihi kwalliya. A 1913 damina ta ƙi, 1914 ta zo da yunwar da tsofaffi ke kira Kakalaba, daga nan har Kano. Lokacin Nasara bai daɗe da kama ƙasa ba, ga haraji ana nema da kuɗi, wanda ke nufin dole a fid da hatsi kasuwa tun da kaka. Mutane sunka koma ga anza, a jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa don ɗacin ya fita. Anka ci 'ya'yan ƙarangiya, anka tone gidan tururuwa ana neman ƙwayar da ta tara. A 1931 kuma fara ta sauka, ta fi yin ɓarna a yamma, ƙasar Zabarmawa, inda mutane da yawa sunka mutu.

Bayan wannan ne Faransawa sunka tsananta dokar rumbun tsimi. Kowane maigida ya kawo wani kaso na abin da ya noma, a tara rumbunan wuri guda, ba a buɗewa sai da izinin kwamandan. A takarda dabara ce mai kyau, tunda kusan abin da kakanni ke yi ne. A aikace ta zama azaba. Ana karɓa ko a shekarar da ba a noma ba, dogarai da goge na ci a tsakani, mutum na ganin hatsinsa ɗiyansa na kuka ba shi da ikon taɓawa. Lokacin siyasar neman 'yancin kai rumbun tsimi na cikin abubuwan da talakawa sunka fi kuka da su. A ganinmu wannan tabo bai gama warkewa ba. Har gobe, in an ce a tara hatsi wuri guda, tambayar farko ita ce wa zai riƙe makulli.

Bayan 'yancin kai gwamnati ta ɗauki tsimin a kanta, anka kafa OPVN a 1970. Fari na ƙarshen shekarun 1960 ya yi ta tsananta har 1973, dabbobi sunka ƙare, jar dawar taimako ta shigo daga Amurka. Ran 15 ga Afrilun 1974 Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani, kuma yadda anka tafiyar da taimakon yunwa na cikin dalilan da sojoji sunka bayar.

Shekara goma bayan nan sai ga wadda ta fi shafar mu mutanen bakin iyaka. A 1984 damina ta lalace, kuma tun cikin Afrilun shekarar Janar Muhammadu Buhari ya rufe iyakokin Najeriya, ba a buɗe ba sai 1986. Shi ya sa anka sa wa yunwar suna El Buhari. Ku tuna yadda muke. Daga Birnin Ƙonni zuwa Illela ta Najeriya tafiyar 'yan mintoci ce, kuma a shekarar rashi can ne masara da garin rogo ke fitowa, can ne samari ke neman kuɗin cefane. Ƙofar nan ta rufe daidai lokacin da anka fi bukatarta. Iyayenmu na cewa a shekarar mai kuɗi a aljihu ma ya sha wuya, balle wanda ya sayar da saniya a kuɗin akuya.

Abin da ya biyo baya shi ne ya canza fuskar ƙasarmu. Kountché ya matsa a kan noman rani, ko'ina anka haƙa rijiyoyin lambu. Ga fadamar Ƙonni da anka gyara tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, sama da hekta 2,000, tana shan ruwan madatsun Mozage da Zango a kan Magiya. Ga ta Galmi, wadda albasarta ta kai sunanmu Abijan da Akara. A can Illela tamu ta Nijar, wajen Badagishiri, wasu manoma sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989, sunka ga yadda ake haƙa ƙananan ramu a kan fako a zuba taki. Da sunka dawo sunka gwada, tassa ta bazu tare da rabin wata, har fakon da ba mai so ya koma abin saye da sayarwa.

Sai dai albasa ba tuwo ba ce. Mai albasar da ya sayar a bakin lambu cikin Maris ko Afrilu, lokacin da kowa ke cirewa, kuɗinsa kan ƙare kafin hatsi ya kai tsadarsa. Wanda ya iya haƙurin ajiye wani kaso a rudu zuwa bayan damina, ko da wasu sun ruɓe, shi ke cin moriyarta. Haka nan gidajen albashi. Tun da anka kafa izin ɗin siminti a shekarun 1960 Malbaza ta samu mutanen da rumbunsu ƙarshen wata ne, suna awo tiya tiya. Su ne tsada ke fara bugu, kuma su ne ba a lissafawa in ana maganar manoma.

Ta 2005 kam da idonmu munka gani, muna koleji. Ruwa ya ɗauke da wuri a 2004, fara ta biyo. Hatsi bai ɓace daga kasuwa ba, tsada ce ta kai inda talaka ba ya kaiwa, buhun da anka sayar wajen jikka 10 da kaka ya doshi jikka 30 cikin Yuli. Manya na gardama a rediyo ko yunwa ce ko ƙarancin cimaka, mata na layi da yara a cibiyoyin tamowa. A ajinmu kujeru sun yi ta zama wayam. Da yawa a shekarar sunka faɗa hannun masu a-ci-ba-daɗi, a ba ka tiya da damina ka biya ninki da kaka, shekara mai zuwa ta fara maka da rami.

Dabarun da muke da su yau yawancinsu amsa ce ga wannan ramin. Bankin cimaka ya yawaita a ƙauyuka. Wasu sun tsaya, da yawa sun mutu, kusan kullum a kan bashin da ba a biya ba da maganar makulli. Warantaj, wato jinginar cimaka, ta shigo a ƙarshen shekarun 1990 tare da FAO: ƙungiya ta zuba amfaninta a mangaza, a sa kwaɗo biyu, ɗaya nata ɗaya na asusun bashi, a karɓi kuɗi a yi sana'ar rani, a biya a ɗauki hatsi lokacin da ya yi daraja. Asusun Mata Masu Dubara ya faro a Maraɗi a 1991 ya iso mu. Buhun PICS mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta yi aikinsa tare da INRAN, ya raba mu da zuba wa wake guba, ƙwaro na mutuwa don rashin iska in an ɗaure da kyau. Duk da haka, da CEDEAO ta rufe iyaka a ƙarshen Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024, tsofaffi sun ce ga El Buhari ta leƙo, kuma kowa ya ga yadda shinkafa da masara sunka tashi.

Mu koma ga tambayarmu. Ma'aunin da hukuma ke aiki da shi kilo 231 ne na hatsi ga mutum guda a shekara. Gida mai mutum takwas ke nan yana bukatar kilo 1,848, buhu 18 da rabi, wato kusan tiya biyu kowace rana, tunda tiya wajen kilo biyu da rabi ce. Kowa ya sussuke dami guda na gonarsa ya auna, don damin Dogarawa ba lalle ya yi daidai da na Tsarnawa ba. Daga nan zai san watan da rumbunsa zai yi ƙasa tun kafin watan ya zo. In lissafi ya nuna giɓin buhu biyar, a cike shi cikin Oktoba da Nuwamba da kuɗin wake ko na ɗan akuya, kar a jira Yuli. Mai albashi ma haka, buhu guda kowane wata na kaka. Iri a ware shi dabam, inda mai girki ba ta kaiwa. Rabon damina a rufe shi kamar yadda kakanni ke liƙe rihewa, ko da ɗaki ne da kwaɗo, kuma uwargida ta san lissafin, don ita ke awo. Kuka, kuɓewa, yakuwa da kaudar tumatir a shanya tun suna araha. Zogale biyu a bayan ɗaki na sha da ruwan wanke-wanke.

Abin da ya fi wuya mun san shi, bukukuwan kaka ne. Aure, suna, kayan ɗaki, duk a kan rumbu suke sauka cikin wata biyu. Ba mu ce kar a yi ba, mu ma an yi muna. A dai cire buhunan damina tukuna a ga abin da ya rage.

A shiri mai zuwa za mu buɗe layi a kan bankunan cimaka. Wanda na garinsu ke aiki har yanzu, ya kira ya gaya muna shekara nawa ya yi, mutum nawa ke riƙe da makulli, da yadda suke yi da wanda ya ci bashi bai biya ba.