Ranar 'Yan Mazan Jiya Tamu Ce Mu Ma

Duk shekara idan watan Janairu ya kai 15 za ku ji rediyo ta ɗauka, wai yau ce Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Sai a nuno mana manya a talabijin sun sha babbar riga suna tafiya ɗaiɗai, suna ajiye furanni, a busa begila, a saki tantabaru, kowa ya watse. Mu kuwa muna tsakar gida, wata na tankaɗe wata na wanke-wanke, abin da za ki ji an ce shi ne, "Bikin gwamnati ne da 'yan kaki, ina ruwanmu." To ni dai na ce da ruwanmu, har da tsakinmu ma. Ku ba ni aron hankalinku kaɗan in warware muku asalin wannan rana, in na gama sai ku yi mini alƙalanci.

Da farko dai aikin sojan ƙasar nan da mazajenmu aka kafa shi. A shekarar 1863 wani Bature mai suna Glover ya tara mutum 18 a Ikko ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover, daga su ne rundunar sojan Nijeriya take ƙirga asalinta. Har aka yi shekara da shekaru Hausa ce harshen bariki, Baturen da aka kawo ya shugabanci bataliya sai ya koye ta. Saboda haka da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, 'ya'yan ƙauyukanmu aka tura Kamaru su kori Jamusawa. An gwabza a Garwa har ta faɗi a 1915, aka yi wa dutsen Mora zobe har waɗanda ke kansa suka miƙa wuya a 1916, daga nan kuma aka kwashe su a jirgin ruwa zuwa Gabashin Afirka. Yaƙin ya tsaya ranar 11 ga Nuwamba 1918 da ƙarfe 11 na safe. Shi ya sa Ingila da ƙasashen da ta mulka suka riƙi wannan rana suna tunawa da matattunsu, suna maƙala wani jan fure a ƙirji, mu ma a nan haka aka riƙa yi har bayan samun mulkin kai.

Ba a jima ba sai ga Yaƙin Hitila, daga 1939 zuwa 1945. Aka sake shiga gari-gari ana ɗibar samari, wasu da son ransu, wasu kuwa dagaci ne ya nuna su don a cika adadin da aka yanka wa ƙasarsa. Sun fara da korar Italiyawa daga Somaliya da Habasha a 1941. Sannan aka haɗa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tsallaka teku da su zuwa Indiya, daga can sai dazukan Burma inda suka kara da Japanawa. Ana ƙiyasin mutum kusan 90,000 suka tafi daga Afirka ta Yamma, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. Daji ne mai duhu da duwatsu da ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, mota ba ta shiga, abinci ma ta jirgin sama ake jeho musu. Da yawa daga cikin namu ba a ko ba su bindiga ba, dako suke yi, harsashi da abinci duk a kansu suke hawa dutse da su.

Kakana na wajen uwa yana cikinsu. An tafi da shi a 1943, kakata tana goyon ɗanta na fari, bai dawo ba sai 1946. Ta sha ba mu labari cewa in wasiƙa ta zo sai ta yafa mayafi ta nemi malamin makarantar elemantare ya karanta mata, kuma tun kafin ya buɗe take duban fuskarsa. Akwai shekarar da ko layi ɗaya bai zo ba, har dangi suka fara zancen a kai magana gaban alƙali a raba auren ta huta. Ta ce ita ba ta ga gawa ba, ba ta ga takarda ba, tana nan. Allah Ya yi nata ya dawo, da lambobin yabo a cikin gwangwani, da tari wanda bai rabu da shi ba har kabari, da ɗan kuɗin sallama da ko kusa bai kai na Baturen da suka kwana rami ɗaya ba. Kishiyar yayarta kuwa, wadda ƙaninta ya tafi tare da shi, har ta mutu ba ta san inda aka binne shi ba. A kusa da birnin Rangun akwai maƙabartar soja da aka rubuta sunayen mutum kusan 27,000 a jikin ginshiƙai, waɗanda ba a san kabarinsu ba, kuma akwai sunaye irin namu a ciki. Allah Sarki! Uwa tana Kano ko Katsina tana sauraron sallama, sunan ɗanta yana can jikin dutse a ƙasar da ba ta taɓa jin labarinta ba.

Abin mamaki, tarihin nan yana gabanmu kullum muna wuce shi a mota. Barikin Dalet na Kaduna, da Chindit na Zariya, da Dodan da Arakan da Myohaung na Legas, duk sunaye ne da aka ɗauko daga yaƙin Burma. Barikin Bukavu na Kano, wanda bakinmu ya mayar Bokabo, sunan wani gari ne a Kwango inda sojojinmu suka je kwantar da tarzoma tsakanin 1960 da 1964. A Lokoja kuma akwai barikin Chari Maigumeri, mutumin da ya fara soja a wajen Jamusawa, aka kama shi a Garwa, ya koma wajen Ingilishi, ya yi Habasha ya yi Burma, ya kai muƙamin samanja, bai ajiye kaki ba sai 1953.

To me ya kawo 15 ga Janairu? Yaƙin basasa ne. An fara shi ranar 6 ga Yuli 1967, aka yi wata 30 'yan ƙasa ɗaya suna kashe juna, sai ranar 15 ga Janairu 1970 Philip Effiong ya zo Barikin Dodan ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a madadin Biyafara. Ana ƙiyasin rayukan da suka salwanta sun haura miliyan ɗaya, mafi yawansu ƙananan yara ne da yunwa ta kashe a can Gabas, su ma uwaye ne suka haife su kamar yadda muka haifi namu. Bayan haka ne aka ɗauke ranar tunawa daga Nuwamba aka maido ta ranar da jini ya tsaya a gida.

Amma mu a Arewa wannan kwanan wata yana da wani miki daban. Ranar 15 ga Janairu 1966 aka yi juyin mulki na farko, aka kashe Sardauna Ahmadu Bello a gidansa na Kaduna, aka ɗauke Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a Legas sai gawarsa aka tsinta daga baya. Manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema duk a wannan dare suka tafi. Ku kuma lura da wannan, 'yan uwa: uwargidan Sardauna, Hafsatu, ba ta gudu ta bar mijinta ba, tare aka harbe su. Haka Birgediya Ademulegun, shi da matarsa Latifat aka kashe a ɗakin kwanansu a Kaduna. Ashe tun daren farko akwai jinin mace a cikin wannan rana.

Kuma lissafin bai rufe ba. An je Laberiya a 1990, an je Saliyo, gawarwaki suka riƙa dawowa. Ranar 26 ga Satumba 1992 jirgin soja ya faɗi a Ejigbo ta Legas da mutum sama da 150, galibinsu hafsoshi matasa masu kwas a Jaji, a yini ɗaya gidaje fiye da ɗari suka shiga takaba, kuma matan nan sun shafe shekaru suna bin alkawuran da aka yi musu. Daga 2009 kuma ga Boko Haram, ga 'yan bindigar daji. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali ya faɗi a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba 2016. Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, shugaban sojan ƙasa sukutum, ya rasu a haɗarin jirgi a Kaduna ranar 21 ga Mayu 2021 tare da mutum 10. Waɗannan manya ke nan da aka san sunansu. Kurtu da kofur da saje fa, waɗanda sai dai a ce "an rasa sojoji kaza"? Kowane ɗaya a cikin "kaza" ɗin nan akwai wadda ta ɗaura masa ƙunshin yaji da ƙuli-ƙuli ranar tafiya.

Gani ya kori ji, shi ya sa wata shekara na bi maƙwabciyata, wadda mijinta ya rasu a bakin daga, muka je filin da ake taron a babban birnin jiharmu. Tun kafin ranar ake farawa: a ƙaddamar da ɗan bajon nan da ake sayarwa don tallafa wa tsofaffin sojoji, ran Juma'a a yi addu'a a masallaci, ran Lahadi a yi a coci. Ranar kuwa sojoji suka yi fareti, sannan ga 'yan mazan jiya na ƙungiyar Lijiyon, wadda aka kafa da doka tun 1964, wasu da sanda, wani hannun rigarsa ɗaya a naɗe, amma da aka ba da umarni sai ka ga tsoho ya miƙe ƙyam kamar an zare masa shekara talatin. Aka busa begila, aka yi shiru na minti ɗaya, aka harba bindiga sama sau uku. Sai aka shiga ajiye furanni bisa girma, daga gwamna zuwa ƙasa. Haka ake yi a Abuja ma, Shugaban Ƙasa ne farko, sai mataimakinsa, sai shugabannin majalisa da alƙalin alƙalai da hafsoshi. Can wajen ƙarshe ake kiran mace guda ta wakilci matan mamatan. Na dube ta tana tafiya a hankali da farin mayafi, na ce a raina, wadda ta fi kowa biya ita ce a ƙarshen layi. Maƙwabciyata ba ta yi kuka ba sai da aka busa begilar nan. Ta damƙe hannuna, ta ce, "Yaya, yau ne kaɗai nake jin kamar ba ni kaɗai na san ya mutu ba."

Wannan magana ita ce dalilin rubutun nan. Kowa ya tuna da tantabarun da suka ƙi tashi a Abuja a 2021, aka yi ta dariya da fassara iri-iri, amma wa ya tambayi sunan matar da ta ajiye fure a ranar?

Na san wata za ta ce, ai ajiye fure a gaban mutum-mutumi ba al'adarmu ba ce, malamai ma sun yi magana a kai. Wannan gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce ki rusuna wa dutse. Sai dai ban taɓa jin malamin da ya hana yi wa mamaci Musulmi addu'a ba, ko ya hana duba maraya da matar da mijinta ya bari. Idan maigida ya yarda, kuma da hali, ki je ki tsaya a bayan 'yar uwarki, domin zumunci a ƙafa yake. Idan fita ba ta samu ba, ranar tana iya shigowa har tsakar gidanki. Ki zuba tuwo a kwano ki aika wa tsohon sojan nan mai gadi a bakin layinku, wanda yara ke tsokana suna ƙame masa. Ki sa 'ya'yanki su zauna ya ba su labari tun yana da rai, don in ya tafi ya tafi da littafinsa. Ki leƙa matar sojan da ta gama wata huɗu da kwana goma, 'yan gaisuwa sun ɗauke ƙafa, an ce ta kwashe kayanta daga ɗakin bariki, ga yara ga kuɗin makaranta, ga takardun haƙƙin miji da ake ta ce mata je ki dawo.

Ke kuma da kike auren soja, ko ake shirin kai ki bariki, ga shawara ta 'yar uwa. Akwai takardar da kowane soja yake rubuta sunan wanda za a nema in ta Allah ta kasance. Da yawa sun cike ta tun suna samari, da sunan wa ko ƙane, har suka yi aure suka haihu ba su waiwaye ta ba. Ki samu lokacin da ransa ke sanyi ki tuna masa cikin ladabi, ki kuma san lambarsa ta aiki da inda yake ajiye takardunsa. Yin haka ba fatan mutuwa ba ne, kowa da ranarsa, kuma rabon gado yana nan yadda Allah Ya tsara shi. Gudun dai kada a bar ki da marayu kina yawon ofis-ofis ba ki san ta inda za ki fara ba.

Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maza sun tafi Garwa da Burma da Kwango da Sambisa, tarihi ya rubuta wasu ya manta da wasu, su kuwa matan da suka yi jira ko a jikin ginshiƙi ba a rubuta su ba. In mu ba mu tuna da su ba, wa zai tuna? Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba iyalansu haƙuri, Ya raya abin da suka bari, Ya kare waɗanda ke bakin daga Ya maido su gida lafiya, Ya zaunar mana da ƙasarmu. Amin summa amin. Wassalam.