Rikicin Kuɗin Fito Tsakanin Karolina ta Kudu da Gwamnatin Tarayyar Amurka, 1828–1833

A shekarar 1828 ne Majalisar Dokokin Amurka ta ɗora kuɗin fito mai nauyi a kan kayayyakin da ake shigowa da su daga waje, domin kare masaƙun Arewa daga kayan Ingila masu arha. Kudu kuwa noma ta sa gaba. Manomin auduga yana sayar da amfaninsa a kasuwar duniya ba tare da wata kariya ba, sannan ya sayi yadi da kayan ƙarfe da tsada. Ganin haka mutanen Karolina ta Kudu suka ce ana tatsar su ne domin a ƙosar da wasu.

Wanda ya ba wannan ƙorafi siffar shari'a shi ne John C. Calhoun, Mataimakin Shugaban Ƙasa, cikin wata takarda da ya rubuta a ɓoye a wannan shekara. Hujjarsa ita ce jihohi ne suka ƙulla Tarayya, saboda haka jiha tana da ikon soke dokar da ta ga ta saɓa wa tsarin mulki, a cikin iyakokinta. Hujjar tana da daɗin ji, amma in aka bi ta babu dokar tarayya da za ta tsaya. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa a fili ba: bayi sun fi 'yantattu yawa a jihar, masu gandaye kuwa suna tsoron ikon da ya taɓa aljihunsu yau ya taɓa bayinsu gobe.

An sassauta kuɗin a 1832, jihar ba ta gamsu ba. Ran 24 ga Nuwamba babban taronta ya soke dokokin biyu, daga 1 ga Fabrairu 1833. Shugaba Andrew Jackson, wanda shi ma mai bayi ne, ya mayar da martani ran 10 ga Disamba, ya ce raba ƙasa da makami cin amanar ƙasa ne. Calhoun ya yi murabus ya koma Majalisar Dattawa. Babu jihar da ta bi bayan Karolina.

Henry Clay ne ya shiga tsakani. Ran 2 ga Maris 1833 Jackson ya sa hannu kan dokoki biyu: ɗaya ta rage kuɗin fito sannu a hankali zuwa kashi 20 cikin 100 a 1842, ɗaya ta ba shi ikon karɓarsa da ƙarfin soja. Karolina ta janye sokewarta, amma don kada a ce ta rusuna, sai ta soke dokar sojan. Ran 20 ga Disamba 1860 ita ce jiha ta farko da ta ɓalle daga Tarayya, a wannan karon kan batun bauta ƙarara.