Na'urar da Za a Rena Kamar Yaro

A 1950 masanin lissafin nan na Ingila, Alan Turing, ya kawo shawarar da aka daɗe ba a waiwaya ba: maimakon a ƙera na'ura mai hankalin babba, a ƙera mai hankalin yaro, sannan a rene ta. Masu bincike suka bi wata hanya, suka duƙufa wajen ɗura wa kwamfuta dokoki da ƙamus. Sai a 1990 Stevan Harnad ya nuna inda gizo ke saƙar: na'urar da ba ta san kalma ba sai ta bakin wata kalma tamkar mai neman koyon Sinanci ne da ƙamus na Sinanci zalla. "Albasa" a wurinta haruffa shida ne kawai, alhali yaron Aliero ya san ta tun bai iya furta sunanta ba, domin ta sa shi hawaye.

A ƙarshen shekarun 1990 Luc Steels ya jera butumbutumai masu kyamara gaban allo mai siffofi kala-kala. Ɗaya ya ƙago suna, ɗaya ya nuna abin da yake zaton ana nufi, in ya kuskure a gyara masa. Sannu a hankali suka daidaita kan kalmomin da babu mutumin da ya koya musu. Fataken da suka riƙa haɗuwa a kasuwar Jega a ƙarni na 19, kowa da harshensa, da ba su yi mamaki ba. Nuni da yatsa ya daɗe yana ƙulla ciniki.

A 2024 masu bincike a Jami'ar New York suka horar da wata manhaja da sa'o'i 61 kacal na bidiyon da kyamarar da aka ɗaura wa wani yaro a ka ta naɗa, daga wata 6 zuwa 25 na rayuwarsa. Ta iya haɗa kalmomi irin su ƙwallo da mota da hotunansu. Wannan ya shafi Hausa kai tsaye, domin manyan manhajojin yau tulin rubutu suke ci, wanda Hausa ba ta da shi a intanet, alhali jaririn Maiyama yana kama harshe daga goye ba tare da shafi ko ɗaya ba.

Sai dai sunayen abubuwa su ne masu sauƙi. Jaririn nan zai lura cewa uwarsa ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari, ya kuma gane wa ake nufi duk lokacin da ta sakaya. Wannan shirun ba ya cikin abin da aka gwada manhajar a kai.