DALLA-DALLA: Yadda ake sauya kwantirolar babur mai lantarki, da yadda launin waya ke yaudarar masu gyara

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin mai babur ya sauya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ta zarce naira 1,000 a wurare da dama. Ga ɗan kabu-kabu ko malamin makarantar da ke bin titin da ya tashi daga Sakkwato ya ratsa Boɗinga da Shagari ya nufi Tambuwal, babur mai aiki da batir ya zama abin sha'awa.

Tambayar da ba a cika yi wa dillali ba ita ce: ranar da ya tsaya, wa zai gyara? Bakaniken da ya ƙware a kafireto da fulogi ba zai tarar da ko ɗaya a cikinsa ba. Abubuwa uku ne ke tafiyar da shi: batir, da injin da galibi ke cikin tayar baya, da ƙaramin akwatin alminiyom da ke tsakaninsu, wato kwantirola.

Aikin kwantirola

A cikin injin akwai kwayil kashi uku da maganaɗisu kewaye da su. Taya ba ta juyawa sai an riƙa tura wa kwayil ɗin wuta bi da bi, kowanne a daidai lokacinsa. Kwantirola ke wannan rabo ta hanyar wasu ƙananan makunnai da ake kira mosfet, waɗanda kan zo shida, tara, goma sha biyu ko fiye. Don ta san inda maganaɗisun yake, an dasa sansa uku a cikin injin, masu suna Hall, sunan Ba'amurken da ya gano dabarar a 1879, Edwin Hall.

Babban abokin gabar mosfet zafi ne. A ƙasar Sakkwato, inda ma'aunin zafi kan wuce 40 daga Maris zuwa Mayu, babur ɗin da aka ɗora wa mutum biyu da buhun gero, aka bi yashi da shi a hankali, yana jan wuta mai yawa alhali iska ba ta sanyaya akwatin.

A tabbatar ita ce ta mutu

Asara ce a sayi sabuwa alhali matsalar tana wani wuri. A fara da fiyus da makulli da ƙarfin batir. A duba makunnin da ke jikin hannun birki, domin in ya maƙale kwantirola za ta ɗauka ana taka birki, ta ƙi ba da wuta. Totur wayoyi uku gare shi, kuma mita za ta nuna wutar wayar saƙonsa tana tashi daga kusan volt 1 zuwa kusan 4 idan aka murɗa.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar mita. A kashe babur, a ɗaga tayar baya, a juya ta da hannu. In ta yi tauri tana cijewa, a zare kaurara wayoyi uku da ke zuwa injin. Idan ta saki, mosfet ya ƙone a kwantirola. Idan har yanzu tana cijewa, haɗewar waya tana cikin injin ko igiyarsa, kuma sabuwar kwantirola ma ƙonewa za ta yi.

Zaɓen sabuwa

A jikin tsohuwar akwai takardar da ke nuna volt da amfiya, a ɗauki hotonta kafin a tafi kasuwa. Dole volt ya dace da batir. Batirin litiyam mai volt 48 yakan kai 54.6 in ya cika, mai 72 kuma 84. Kwantirolar 48 da aka haɗa da batirin 72 ba ta jurewa. Ta 72 da aka haɗa da batirin 48 kuwa ba za ta tashi ba, don za ta ɗauka batirin ya ƙare. Sayen mai amfiya da yawa domin ƙarin gudu kwaɗayi ne da batir da kwayil ke biyan kuɗinsa. Haka nan allon da ke kan kambu ba lallai ya fahimci kwantirolar wani kamfani ba, shi ya sa sau da yawa ake sayensu tare.

Inda aikin yake

Wayoyi takwas ke fitowa daga yawancin injunan: kaurara uku, rawaya da kore da shuɗi, sai sirara biyar na sansa. A cikin siraran, ja na kawo volt 5, baƙi shi ne negetif, sauran ukun su ma rawaya da kore da shuɗi ne. Ja da baƙi ba a taɓa musanya su, domin hakan na iya kashe sansa nan take.

Mai gyara zai zaci rawaya da rawaya, kore da kore, shi ke nan. Ba haka ba ne. Babu wata ƙa'ida da ta tilasta wa masu ƙera inji da masu ƙera kwantirola su ba launi ma'ana ɗaya. Kaurara ukun ana iya jera su ta hanya shida, sirara ukun ma shida, jimilla haɗi 36. A bisa al'ada shida ne kacal ke aiki daidai: uku gaba, uku baya. Sauran talatin ko dai taya ta yi ƙugi ta tsaya, ko ta yi karkarwa, ko kuma, wanda ya fi haɗari, ta juya kamar lafiya lau alhali tana zuƙar wuta. Irin wannan ne ke barin gareji cikin murna ya mutu a hanya.

Yawancin sababbin kwantirololi na zuwa da wasu wayoyi biyu, galibi farare, na koyon inji. A ɗaga taya, a haɗa su, a kunna makulli: taya za ta juya da kanta. In baya ta yi, a raba su a sake haɗawa, ko a bi umarnin takardar da ta zo da ita. Da ta juya gaba sumul, a raba su a naɗe kowacce da salatif.

In babu waɗannan wayoyi, sai haƙuri da takarda da biro. A bar siraran yadda suke, a gwada jeri shida na kauraran, ana murɗa totur kaɗan na daƙiƙa biyu ko uku, ana rubuta sakamako. Wanda ya juya ba hayaniya, ya tashi daga tsaye ba tare da an tura ba, kuma wayoyi ba su ɗumama ba, shi ne daidai. In baya yake juyawa, a musanya biyu daga siraran a sake zagayen. In duk an gwada ba a dace ba, a duba ko injin mai kusurwar sansa 60 ne kwantirolar kuma ta 120, ko kuma sansa ɗaya ta mutu. Mita za ta nuna: kowace siririyar waya ya kamata ta riƙa sauyawa tsakanin sifili da kusan volt 5 yayin da ake juya taya a hankali.

Kafin a taɓa kowace waya a cire batir, sannan a kunna makulli don sauran wutar da ke cikin akwatin ta zube. Haɗin kaurara a yi shi da soket mai ƙarfi ko darma, ba murɗe-murɗe ba. Sabon akwatin kuma a ɗaure shi inda iska ke bugunsa, kada a naɗe shi da leda don gudun ƙura.

Abin da ya shafi hukuma

Wannan aiki ya fi kusa da sana'ar masu gyaran wayar hannu da masu haɗa sola fiye da ta bakanike, kuma da su ya kamata shirye-shiryen koyar da sana'a na jiha da na ƙananan hukumomi su fara. Amma ƙwarewa ba ta da amfani idan kamfani ya kulle kwantirolarsa ta yadda ba ta aiki sai da batirinsa da allonsa. Tarayyar Turai ta kafa doka a 2023 wadda daga Fabrairun 2027 za ta wajabta cewa batirin irin waɗannan ababen hawa ya zama wanda mai gyara mai zaman kansa zai iya sauyawa. A Najeriya, hukumar SON ke kula da ingancin kayan da ake shigowa da su, FCCPC kuma ke kare haƙƙin mai saye. Duk gwamnatin da za ta raba wa matasa irin waɗannan babura, ya dace a tambaye ta ko kwangilar ta haɗa da kayan gyara da taswirar wayoyi, da kuma ko mai babur a Shagari zai sami kwantirola a Sakkwato, ko sai an aika Kano.