Tantance fuska a filayen jirgin saman Najeriya

Tantance fuska wata fasaha ce da kyamara ke ɗaukar hoton matafiyi, sannan kwamfuta ta kwatanta shi da hoton da ke ajiye a fasfo ɗinsa ko a rumbun bayanan hukuma. Idan hotunan suka dace, sai a bar shi ya wuce.

Tarihi

Hukumar Shige da Fice ta Najeriya ta fara bayar da fasfo na lantarki a shekarar 2007, mai ɗauke da hoton fuska da bayanan mai shi. A 2024 ministan harkokin cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya sanar da shirin girka ƙofofi masu sarrafa kansu a filayen jirgi na Abuja da Legas da Kano da Fatakwal da Inugu.

A Jihar Katsina

Mazauna Dutsin-Ma da Kurfi da dama sun gamu da fasahar ta hanyar na'urar BVAS a zaɓen 2023. Maniyyata aikin Hajji daga yankin, waɗanda kan tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa na Katsina, su ma ana ɗaukar hoton fuskarsu da zanen yatsunsu wajen yin fasfo da shiga Saudiyya.

Haƙƙin matafiyi

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa. Dokar Kare Bayanai ta 2023, wadda Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a watan Yuni, ta sanya bayanan halittar jiki cikin waɗanda ke buƙatar kulawa ta musamman. Mutum na da damar sanin dalilin karɓar bayanansa, da neman a gyara kuskure, da kai ƙorafi ga hukumar NDPC. Sai dai dokar ta sassauta wa hukumomi kan abin da ya shafi tsaron ƙasa.

Matsaloli

Binciken cibiyar NIST ta Amurka a 2019 ya nuna cewa manhajoji da yawa sun fi rikita fuskokin mutanen Afirka fiye da na Turawa. Haka kuma, idan aka saci lambar sirri ana iya sauya ta, amma wanda aka saci bayanan fuskarsa ba shi da wata fuskar da zai sauya.